Tango Ta Samu Gata, Gaɗa Ta Zama Marainiya

Jama'a, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, faɗa na zo yi, kuma na san akwai waɗanda za su ji haushina tun daga kan taken rubutun nan. Babu komai, duk wadda ta daɗe a cikin Adabin Kasuwar Kano ta riga ta saba da jifa.

Maganar da nake tafe da ita guda ɗaya ce. Fiye da shekara ashirin ke nan ana yaƙi da rawa a ƙasar Hausa, a kan mumbari da gidajen rediyo da ofisoshin hukuma, amma har yau rawa ba ta mutu ba. Wadda ta mutu ita ce tamu ta gado: gaɗa da kalankuwa da takkai da kiɗan shantu. Ta aro kuwa, wato ta Indiya da ta wayar hannu, sai ma ƙiba take ƙara yi. Saboda haka nake kira gare mu, mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, mu tashi mu shirya wa rawarmu bikinta na shekara-shekara, tare da zaman koyarwa kafin bikin, a bisa ƙa'ida da tsari, tun waɗanda suka iya ta ba su ƙare ba. Kuma zan kafa hujja ne da wata rawa ta can ƙarshen duniya mai suna tango.

Bari in toshe wata kafa tun da wuri. Tango rawa ce ta mace da namiji a rungume, ƙirji da ƙirji. Ba ta dace da addininmu ba, ba ta dace da kunyarmu ba, kuma duk wanda ya je ya ce na nemi a kawo ta Babura ya yi mini ƙazafi, sai mun tsaya gaban Allah. Abin da nake so mu duba shi ne yadda masu ita suka riƙe ta. Idan ka ga maƙwabcinka ya iya ginin rumbu, ai ba hatsinsa za ka ɗebo ba, ginin za ka koya.

An haifi tango ne a ƙarshen ƙarni na 19, a unguwannin talakawa na bakin tashar jiragen ruwa a Buenos Aires ta Ajantina da Montevideo ta Urugwai. Waɗanda suka haife ta su ne jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, masu wani kiɗan ganga da ake kira kandombe, da 'yan ci-rani daga Italiya da Sifen, da makiyayan karkara da suka shigo birni neman abinci. Masu kuɗin ƙasar da 'yan bokonta suka ce wannan rawar 'yan tasha ce, ɗan mutunci ba ya kusantar ta. Da ta ƙetara Turai ta cika birnin Paris a 1913, can ma ba ta tsira ba. Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, ya hana hafsoshinsa yin ta cikin kakin soja, shi kuma babban limamin cocin Katolika na Paris ya yi tir da ita a 1914. Ka ga ke nan zagin da ake yi wa gaɗa bai kai rabin wanda tango ta sha ba.

Ta ma taɓa kai wa bakin kabari. Bayan juyin mulkin soja na 1955 a Ajantina, taruwar jama'a ta yi wuya, kiɗe-kiɗen Amurka da Ingila suka mamaye rediyo, samari suka juya mata baya suka ce rawar tsofaffi ce. Kusan shekara talatin tana hannun wasu 'yan tsirarun dattawa. Sai a 1983, shekarar da mulkin soja ya ƙare a ƙasar, wani wasa mai suna Tango Argentino da aka nuna a Paris ya sake farkar da duniya. A nan ne suka yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Suka koma wurin tsofaffin nan da aka raina, aka zaunar da su a matsayin malamai, ana biyan su, suna koya wa yara taku ɗaya bayan ɗaya. A 1990 aka kafa cibiyar tango ta ƙasa. Daga 2003 aka fara gasar tango ta duniya a Buenos Aires, wadda galibi ake yi a watan Agusta. Ranar 11 ga Disamba ranar tango ce a ƙasar. A 2009 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Ajantina da Urugwai tare. Kai, har a Finlan, ƙasar ƙanƙara, wani gari mai suna Seinäjoki yana bikin tango tun 1985.

Kada mai karatu ya ɗauka haka kawai ake kwasar rawa kamar an saki awaki. Bikin tango kashi biyu ne: da rana aji, da dare fili. A aji ana raba 'yan koyo daban, matsakaita daban, gwanaye daban, kowa ya yi rajista ya biya kuɗin malami. A fili kuma akwai dokoki. Kowa yana zagayawa ne ta fuska guda, saɓanin tafiyar hannun agogo, ba a bangazar na gaba. Bayan waƙa uku ko huɗu sai a katse a sa wani ɗan guntun kiɗa na daban, alamar kowa ya koma mazauninsa. Ba a zuwa a ja hannun mace. Daga nesa ake neman izini da ido, idan ta kau da kai an rufe magana ba tare da an kunyata kowa ba. Wani abin da zai ba ka mamaki ma shi ne, a da can maza da maza ne suke koyon rawar a wuraren atisaye, sai wanda ya goge yake zuwa fili. Wato dai akwai mai koyarwa, akwai ƙa'ida, akwai sanannen lokaci, akwai mai tsawatarwa.

To mu fa? Duk waɗannan abubuwa huɗu muna da su, sai dai ba mu rubuta su a takarda ba. Mu da aka haifa a wajajen 1980 mun riski wutsiyar dandali. Idan farin wata ya fito, an ci tuwo, an gama sayar da kayan talla, sai 'yan mata su ja layi kamar baka suna tafi. Zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya ta faɗo da baya, ƙawaye su cafe ta su cilla ta sama, ta dire da ƙafafu daidai da faɗuwar tafi. Wadda ta kuskure tafi an yi mata dariya, gobe ta gyara. Ƙanana suna gefe suna Ɗan Maliyo da Carman Dudu har su kai munzalin shiga layin manya. Ba wannan ne ajin 'yan koyo da na gwanaye ba? A cikin waƙoƙin nan ne yarinya take faɗin abin da bakinta ba zai iya furtawa a gaban iyaye ba: tsoron kishiya, zaman uwar miji, ƙin auren tsoho, kewar gida. Tun kafin a buga littafin soyayya ko ɗaya a Kano, 'yan gaɗa sun riga sun gama tattauna duk jigogin da muke rubutu a kansu. Wanda yake son shaidar takarda ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda rawar 'yan mata take a tsakiyar rayuwar gari.

Kalankuwa kuwa, ita ce ainihin bikin shekara na samari da 'yan mata. Sai an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sannan Sarkin Samari ya tara jama'arsa, a yi karo-karo, a sa rana, a aika goron gayyata ga ƙauyukan maƙwabta, a ɗauko makaɗa, a raba wa baƙi masauki. A naɗa sarautun wasa na 'yan kwanaki: gwamna da alƙali da likita da 'yan doka, wanda ya yi rashin kunya a gurfanar da shi a ci shi tara. A yi kalangun 'yan mata, a yi dambe da kokawa, 'yan takkai su zagaya suna haɗa sanduna ba tare da an fasa wa kowa kai ba, 'yan hoto su cilla galma sama su tare. A cikin gidaje kuma mata suna shantu da kiɗan ƙwarya, babu namiji ko ɗaya. Yaron da ya shirya kalankuwa sau ɗaya ya koyi tara kuɗi da riƙon amana da karɓar baƙo da raba faɗa. Waɗannan fa su ne abubuwan da yau ake kai matasa otal a Dutse ko Kano a koya musu da sunan bita.

Wa ya kashe wannan? Zan faɗi gaskiya, akwai abin da zamani ne ya zo da shi. Bidiyo ya shigo, gidajen kallo suka buɗe, makarantun dare suka yawaita, samari suka koma tafiya ci-rani tun ba a gama sussuka ba, daga baya waya ta zo ta ƙarasa. Amma waɗannan duk sun faru a Ajantina ma, da irin nasu salon, kuma tango ba ta mutu ba. Tamu ta mutu ne domin mutum uku sun haɗu a kanta, kuma su nake tuhuma.

Na farko shi ne mai yi wa rawa kuɗin goro. A wurinsa da gaɗar 'yan shekara goma a ƙofar gidan ubansu, da rawar gidan gala, duk abu ɗaya ne, iskanci. Ban ce kalankuwa ba ta da aibi ba. Akwai cuɗanyar maza da mata har tsakar dare, akwai tsarance a wasu ƙauyuka, akwai saurayin da zai liƙe kuɗin gyaɗarsa kaf a goshin budurwa ya koma gida yana zare ido. Malamai sun yi gaskiya da suka yi magana a kan waɗannan. To amma gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Malamanmu da kansu ne suka karantar da mu, daga Bukhari da Muslim, cewa wasu 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyadina Abubakar ya tsawatar, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Kuma Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo. Ashe ke nan akwai wasan da ya halatta da wanda bai halatta ba, kuma aikin mai ilmi shi ne ya rarrabe mana, ba ya haɗa ya zubar ba.

Ku duba lissafin hanin da aka yi. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-Finai. A 2007 aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka tsaurara, aka ɗaure wasu 'yan fim; a shekarar ce kuma aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai sun yi ca. A 2025 hukumar tacewar ta hana bikin nan da ake kira Ƙauyawa Day. To don Allah, bayan duk wannan, rawa ta ragu ko ta ƙaru? Yarinyar da aka hana gaɗa a dandali, inda idon gwaggonta da na yayanta yake kanta, yanzu tana ɗaki ta kulle ƙofa ita kaɗai tana karairaya wa TikTok, duniya tana kallo, gwaggo ba ta sani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hani kaɗai bai taɓa cike gurbi ba. In ka hana ɗa cin ƙasa, sai ka miƙa masa abinci.

Na biyu shi ne jami'in da ya mayar da rawar gargajiya kayan tarbar baƙi. Kowa ya san yadda ake yi. A kwaso makaɗa da 'yan rawa a bayan a-kori-kura, a jera su a rana tun ƙarfe tara na safe, babban baƙo ya iso ƙarfe biyu, a ba su minti biyar, suna cikin ɗaukar zafi mai gabatarwa ya karɓe lasifika domin a shiga jawabai. A watsa musu 'yan canji, a sallame su sai wani baƙon. Na yarda an yi ƙoƙari a wasu wurare. An kai al'adunmu FESTAC a 1977, ana zuwa bikin al'adu na ƙasa na NAFEST, kuma 'yan koroso na Gidan Ɗan Hausa a Kano sun kai rawarsu wurare da dama. Amma rawar da mutum ashirin suke yi a kan dandamali, sauran jama'a suna zaune a kujera, ta zama kayan gidan tarihi. Tango ta rayu ne domin mai gadi da likita da tela duk suna zuwa aji su koya su taka da ƙafarsu. Rawar da ba a koyar da ita kwananta ƙirgagge ne, ko da kuwa ta je London sau goma.

Na uku, kuma a nan bakin zai fi ɗaci, su ne abokan sana'a, 'yan fim da marubuta. Tun shekarun 1960 fina-finan Indiya suke cika silimun Kano, saboda haka da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba aka koma bin 'yan mata a cikin lambu ana leƙe ta bayan bishiya. Abin haushin shi ne Sangaya, wanda ya tashi kan kasuwa tsakanin 1999 da 2000, kiɗansa ya kwaikwayi amon kayan kiɗanmu na gargajiya ne a kan fiyano, kuma wannan amon yana cikin abin da ya ja mutane. Maimakon a gane cewa namu yana da kasuwa, sai aka ƙara dulmiya cikin aro, alhali kuwa kayan aro ba ya rufe katara. Marubuta kuma fa? Ɗauki littattafan da suke yawo a waya yanzu ka ƙirga shafukan da aka ɓata a kan dina da fati da daren Larabawa, da sunan leshi da sunan mota. 'Yar ƙauye ba ta fitowa sai a matsayin ƙazama mai kaushi, wadda ba za ta zama mutum ba sai Alhajin Abuja ya ɗauke ta an wanke ta. Yarinyar Kanya ko Insharuwa da ta karanta irin wannan sau ashirin, ta yaya za ta yarda a gan ta tana gaɗa? Daga nan ne aka samu Ƙauyawa Day, inda 'yan birni suke shafa baƙin tukunya da jan-baki har kunne suna kwaikwayon iyayenmu don a yi dariya. Da an bar musu gaɗar gaske, da ba su buƙaci ta izgili ba.

Wani zai ce ai Ajantina ta yi nisa, Bahaushe ba ya iya irin wannan tsari. Ƙarya ne. Mu da muke bakin iyaka, ga Nijar nan a bayan gidanmu. Kokawa wasan ƙauye ce kamar kalankuwa, amma tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa suka mayar da ita bikin ƙasa, tana zagaya jihohinsu, da alƙalai da dokoki da makaɗa da kyautar sarkin kokawa, ana watsa ta a rediyo da talabijin, gari ya yi tsit in an zo karon ƙarshe. Ga Argungu, bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta karɓe shi a 2016. Ga hawan Sallah na Kano, an karɓe shi a Disambar 2024. Duk Hausawa ne suka riƙe waɗannan. Sai dai ku lura da abu guda: kokawa da su da hawan doki duk na maza ne. Abin maza in ya tsufa sai a kira shi tarihi, na mata in ya tsufa sai a kira shi ƙauyanci. Wannan rashin adalcin ne ya fi ci mini rai.

Don kada a ce na iya suka ban iya gyara ba, ga abin da nake ganin za a yi.

Da farko a fara da koyarwa, kada a fara da biki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kowace mazaɓa, daga Babura zuwa Garu da Takwasa da Kyambo da Kanya, haka nan a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, a nemo dattijai mata biyu ko uku da suka yi zabiyanci a ƙuruciyarsu. A zaunar da su a makarantun 'yan mata da Islamiyyun matan aure, yini ɗaya a mako, na tsawon wata biyu, mata zalla, ƙofa a rufe. A biya su kuɗin koyarwa a hannunsu kamar kowane malami, ba a sallame su da sabulu da turmin atamfa ba. Samari su ma a nema musu dattawan takkai da na gangar noma, a filinsu daban.

Na biyu, a sa wa bikin sanannen lokaci wanda ba ya motsi don jiran wani babba: bayan kaka, cikin hutun Disamba, kafin samari su watse ci-rani, in ya ci karo da azumi a matsa. Kwana biyu sun isa. Ya riƙa zagayawa, bana Babura, baɗi Kazaure, sannan Roni, sannan Gwiwa, 'Yankwashi ma da take tsakani a sa ta. Da yake Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim ne, sauran kuma suna ƙarƙashin ta Kazaure, dole a nemi albarkar fadojin biyu tun farko.

Na uku, a rubuta dokoki a manna a ƙofa. Filin mata daban, masu tsaron ƙofarsa mata. A fara da hantsi, a tsaya lokacin salla, a tashi kafin magariba. Babu DJ, babu fiyano, sai tafi da shantu da ƙwarya da kalangu. Babu ɗaukar hoton 'yar kowa da waya. Babu liƙi a goshi, mai kyauta ya kai teburin kwamiti a rubuta. Babu waƙar ɗan takara, babu hular jam'iyya. Kuma a cikin kwamitin a sa limami da 'yar Hisba tun ranar farko, su zauna a tace waƙoƙin tare, wadda take da batsa ko zambo a ajiye ta. Wanda aka shirya abu da shi ba ya zuwa rusa shi.

Na huɗu, kuɗi. Kada a jira kwangilar gwamnati, domin ranar da ta shigo, ranar ce za a fara cin kuɗin ba a yi bikin ba. Karo-karo ya riƙe kalankuwa shekara da shekaru, zai riƙe wannan ma. Ga 'yan kasuwar riɗi da zoɓo, ga 'ya'yan yankin mazauna Kano da Abuja, ga kuɗin rumfa daga masu sayar da abinci. A karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a ranar rufewa.

Na biyar, a adana. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗalibai mata su ɗauki muryoyin dattijan nan da izininsu, a rubuta waƙoƙin da sunan mai waƙa da garinta, a ajiye. Mu marubuta kuma mu karɓi aikin mayar da su littafi mai araha da za a sayar a kasuwa, yadda muka iya sayar da na soyayya.

Na san abin da za a jefe ni da shi: ana fama da tsadar masara da taki, ke kina zancen rawa. To ina tambaya, iyayenmu da suka yi kalankuwa sun fi mu kuɗi ne? Da fitilar aci-balbal suka yi ta. Kuma talakan da ake tausaya wa ɗin, shi ne zai ci kasuwar bikin: mai ƙosai, mai fura, mai lalle, mai kitso, tela, ɗan acaɓa, mai gyaran ƙwarya. Sannan wa ya ce talaka ba shi da haƙƙin farin ciki sai ranar da ya ƙoshi? Yarinyar da take yini a gonar zoɓo ana biyan ta da kwano, yini biyu na tafi da guɗa a shekara sun yi mata yawa?

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne lokaci. Matan da suka yi cikakkiyar gaɗa, ba wutsiyarta irin tamu ba, yanzu sun haura sittin, wasu saba'in. Kowace damina sai an binne wasu, kuma kowace tana tafiya ne da waƙoƙin da babu su a kaset, babu su a littafi, babu su a intanet. Mutanen Ajantina sun farga saura ƙiris, suka riski tsofaffinsu da rai. Mu namu suna nan zaune a tsakar gida suna tsinkar zogale, jikokinsu suna gefe suna koyon rawar Mumbai a waya.

Saboda haka ke 'yar'uwa mai karatu, kada ki jira kwamiti. Yau in kin gama karanta wannan, je ki wurin kakarki ko gwaggonki ki ce ta rera miki waƙar gaɗa ɗaya, ki rubuta, ki tambaye ta yadda ake tafinta. Kai kuma malam, in kana da hujjar da ta haramta wa 'yan mata tafi da waƙa a tsakaninsu, da rana, a bayan katanga, ka kawo ta a rubuce mu karanta, fili a buɗe yake. In babu, to ka zo a shirya da kai.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ikon rarrabe tsaki da tsakuwa. Wassalam.